Gashi da Murhun Gas: Abin da Mai Farawa Ya Kamata Ya Sani Kafin Ya Kunna Wuta

Manomin da ya kiwata kaji ɗari biyu suka kai mako shida, ko ya cika kwatami da tarwaɗa, ya san damuwar ranar sayarwa. Dillali ne ke yanka farashi, kuma duk kwanan da kajin suka ƙara, abinci suke ci ba riba suke ƙarawa ba. Wannan ya sa wasu ƙungiyoyin gama kai ke tunanin gasa wani kaso na abin da suka kiwata su sayar kai tsaye ga mai ci. A wuri mai zirga-zirga irin Ƙofar 'Yandaka a birnin Katsina, inda mutanen gari da masu shigowa daga ƙauyukan yamma ke haɗuwa da yamma, mai gashi mai tsafta ba ya rasa ciniki.

Tambayar ita ce, da me za a gasa? Tukuba da gawayi kowa ya san su. Murhun gashi na gas kuwa sabon abu ne ga yawancinmu. Yana iya kawo riba, yana kuma iya jawo asara ko gobara. Bambancin yana wuri biyu: sanin yadda ake sarrafa gas ɗin, da yin lissafi da sikeli maimakon kintace.

Me ya sa ake maganar gas?

Gawayi mai kyau na ƙirya ko marke sai ƙara tsada yake, domin itatuwan suna ƙarewa. A irin ƙonar gargajiya da ake rufe itace da ƙasa, sai an ƙona kilo biyar zuwa goma na itace kafin a sami kilo ɗaya na gawayi. Katsina kuwa tana cikin jihohi 11 na Arewa da ke bakin gaba wajen fama da kwararowar hamada, kuma manomi ne farkon wanda ke ji a jikinsa idan iska ta share masa ƙasar gona.

Ta fuskar aiki ma akwai sauƙi. Gas yana kamawa nan take, kana rage shi kana ƙara shi da hannu ɗaya, kuma idan babu mai saye sai ka kashe. Gawayi kuwa da ka hura shi ci yake yi, ko akwai ciniki ko babu. Sai dai kuɗin farawa da gas yana da nauyi, farashin kilo kuma yana hawa yana sauka. Shi ya sa ya fi dacewa ƙungiya ta haɗa kuɗi ta saya, maimakon mutum ɗaya ya ci bashi.

Kayan da za a tanada

Na farko murhun kansa. Akwai na kamfani, akwai kuma wanda masu walda ke haɗawa a gida. Mai farawa ya nemi mai kan wuta biyu ko uku, kowanne da makunninsa daban, kuma mai murfi. A tabbata akwai farantin ƙarfe tsakanin wuta da raga, don kada kitse ya riƙa ɗiga kan wuta kai tsaye, da tiren da ke tare maiƙo a ƙasa. Idan haɗin gida ne, kada a yarda a yi shi da duron da aka taɓa zuba maganin feshi ko wani sinadari. Kada kuma a sa ragar da aka yi wa rufin tutiya ko wadda aka ciro daga tsohon firij, domin rufin yana tashi da zafi ya shiga abinci.

Na biyu tukunyar gas. Akwai mai kilo 3, mai 6 da mai 12.5. Don sana'a mai 12.5 ce daidai, kuma gara a mallaki biyu don kada gas ya ƙare nama na kan wuta. A duba shekarar ƙira da aka buga a jikinta. Ƙa'idar hukumar SON ita ce tukunya kada ta wuce shekara 15 ana aiki da ita. Wadda ta yi tsatsa a gindi, ko ta lotse, ko aka yi mata walda, a bar ta ko da kyauta ce.

Na uku regileta mai rage ƙarfin gas, da tiyon gas na ainihi, da kilip ɗin ɗaure bakinsa biyu. Tiyon ban ruwa ba ya wannan aiki, kuma ɗaurin kyauron taya ba ɗauri ba ne. Sai sikeli, da abin kashe gobara mai hoda, da dogon matsefin juya nama.

Halin gas da ya kamata a sani

Gas ɗin girki ya fi iska nauyi. Idan ya zuba ba ya tashi sama, kwanciya yake yi a ƙasa ya bi kwata ya taru a lungu yana jiran tartsatsi. Saboda haka a waje ake gashi, ko ƙarƙashin rumfar da iska ke ratsawa, ba cikin shago ko zaure ba. Warin da kake ji kuwa da gangan aka sa masa don a gane yoyo.

Tukunya a tsaye take zama kullum, a inuwa, nesa da jikin murhu gwargwadon tsawon tiyo. Zafin Katsina a watan Afrilu yakan haura digiri 40, ruwan gas da ke ciki kuma yana kumbura da zafi. Wannan ne dalilin da ba a cika tukunya maƙil. Ka sayi gas a tasha mai lasisi, a auna a gabanka, kada ka roƙi a ƙara maka fiye da abin da aka rubuta a jikinta.

Kunnawar farko

Bayan ka haɗa komai, ka bar makunnan murhu a kashe, ka buɗe gas daga tukunya. Ka kaɗa omo da ruwa ka shafa a bakin regileta, da duk tsawon tiyo, da inda ya shiga murhu. Idan ka ga kumfa tana hurowa, akwai yoyo: rufe, gyara, sake gwadawa. Ba a neman yoyo da ashana. A maimaita wannan gwaji duk lokacin da aka canja tukunya.

Wajen kunnawa, murfi a buɗe. Idan da ashana za ka kunna, fara kawo wutar kusa da kan murhu sannan ka murɗa makunni. In bai kama ba cikin daƙiƙa biyar, kashe ka jira minti biyar gas ɗin ya watse. Wuta mai kyau shuɗiya ce. Idan ta yi ja tana baƙanta raga, ramukan sun toshe ko iska ba ta shiga daidai. Da hunturu sai a riƙa dubawa akai-akai, domin ƙura tana toshe ramuka, iska kuma tana iya kashe wuta gas na ci gaba da fita.

Sabon murhu a bar shi ya ci wuta kamar minti 20 babu komai a kai, sannan a goge raga a shafa mata man gyaɗa. Idan an tashi aiki, tukunya ake fara rufewa, sai wutar ta mutu da kanta sannan a kashe makunnai.

Sarrafa wuta

Sirrin gashi da gas shi ne raba raga gida biyu: gefe ɗaya wuta mai ƙarfi, ɗaya gefen a rage ko a kashe. Ɗanyar masara tana son gefen zafi da yawan juyawa, minti 10 zuwa 15. Tsire yana son matsakaiciyar wuta, domin ƙuli-ƙuli saurin ƙonewa gare shi, kuma in ya ƙone sai ɗaci. Kaza kuwa a tsaga ta a baje, a sa ta gefen sanyi a rufe murfi kamar minti 40, sannan a kawo ta gefen zafi ta yi ja. Kafin a miƙa wa mai saye a soki cinya kusa da ƙashi: in ruwan ya fito da ja, da saura. Mai ma'aunin zafi ya nemi digiri 75 a cikin tsoka. Tarwaɗa a tsattsaga jikinta a shafa mai don kada ta manne.

Wasu za su ce gashin gas ba shi da ƙamshin hayaƙi, kuma da gaskiyarsu. Maganin shi ne a jiƙa 'yan ɓarɓashin itacen mangwaro ko gwaiba, a zuba a gwangwani mai huji, a ɗora kusa da wuta a rufe murfi. Banda katako mai fenti.

Idan kitse ya kama da wuta, a rufe tukunya a janye naman. Kada a watsa ruwa, yana faɗaɗa wutar maiƙo. In ta fi ƙarfin abin kashe gobara, kowa ya ja baya a kira 'yan kwana-kwana.

Lissafin da zai nuna riba

Kan wuta ɗaya matsakaici, mai ƙarfin kilowat uku, yana shan kusan kwatan kilo a awa idan an buɗe shi duka. Uku a tare kenan za su shanye tukunya mai 12.5 cikin kamar awa 18. Wanda ke kashe gefen da ba ya aiki yana rufe murfi zai ninka wannan lokaci ko kusa da haka.

Kada a tsaya kan wannan ƙiyasi. A ɗora tukunya a sikeli kafin a fara da bayan an tashi, a rubuta kilon da ya tafi da adadin kaji ko tsinken da aka gasa. Mako biyu a jere ana haka, sai a raba kuɗin gas da yawan abin da aka sayar, a kwatanta da abin da gawayi ke ci. Wannan littafi ne zai gaya wa ƙungiya ko ta ƙara murhu na biyu ko ta dakata.

A kuma ware mutum biyu da aka koya wa aikin su zama su kaɗai ke taɓa tukunya, a fara da kaji goma a rana kafin a ƙara. Allah Ya sa albarka a nema, Ya tsare mu daga gobara.