Matar da ta ɗaura wa dafin zurma linzami

Wace ce a cikinku ba ta san zurma ba, wadda ke fitowa a bayan gida da kan juji? To, a cikin 'ya'yanta akwai wani mugun dafi da likitoci ke kira risin. Yau ina so in ba ku labarin wata mata da ta shafe shekaru tana aiki da dafin nan, watau Farfesa Elen Biteta ta birnin Dalas a ƙasar Amurka, masaniyar garkuwar jiki.

Ku lura, dafin nan kashi biyu ne haɗe. Kashi ɗaya shi ne ɗan jagora, yana manne wa ƙwayar halittar jiki ya buɗe ƙofa. Ɗayan shi ne makashin, in ya shiga sai ya tsayar da aikin ƙwayar har ta mutu. Dabarar da Biteta da abokan aikinta suka bi ita ce a cire ɗan jagoran, a ɗaura makashin a jikin wani sinadarin garkuwar jiki wanda ba ya neman kowa sai ƙwayoyin sankara. Ke nan dafin ya sami sabon ɗan jagora mai kai shi wurin maƙiyi kaɗai.

A 1982 suka nuna a jikin ɓeraye cewa ana iya tace ɓargo da wannan haɗi, a kashe ƙwayoyin sankarar jini da ke ciki kafin a dasa shi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin in aka mayar wa majiyyaci ɓargonsa da sauran cuta a ciki, ciwon zai dawo.

Amma fa aikin bai tafi sumul ba. Da aka gwada wa mutane, sai aka ga maganin yana sa jijiyoyin jini yoyo, jiki ya kumbura. Ba ta fid da rai ba. Ta bi diddigi har ta gano gurbin da ke jawo haka a jikin dafin, ta gyara shi. Daga nan ta haɗa allurar rigakafin risin mai suna RiVax, aka buga sakamakon gwajinta na farko a jikin mutane a 2006.

Ku 'yan makaranta, ga naku. Wata ɗalibarta, Linda Bak, ta gama digirin dakta a hannunta a 1980, kuma a 2004 ta sami lambar Nobel saboda gano yadda hanci ke bambance ƙamshi da wari. Na gaba ya yi gaba, na baya sai labari, amma malamar kirki takan ja na baya har ya cim mata.

Ku kuma iyaye, kada ku bar yara su yi wasa da 'ya'yan zurma, don zanensu mai kyau yakan ja hankalin yaro. Taunawa ita ce babban haɗari, gama ita ke fid da dafin. In yaro ya tauna, kada ku tsaya jiran amai ko gudawa, ku garzaya da shi asibiti, ku riƙe ragowar 'ya'yan ku nuna wa likita.