Gaɓa da Ƙarfin Furuci a Aikatau na Harshen Sifaniyanci

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta yi tsokaci ne kan yadda ake rarraba gaɓoɓin aikatau a Sifaniyanci, da kuma gaɓar da ake ƙarfafawa wajen furuci. Manufa ita ce a nuna cewa ƙarfin furuci a wannan harshe aikin nahawu yake yi, domin sau da yawa shi kaɗai ke fayyace lokaci da mai aikatawa.

2.0 Rarraba Gaɓoɓi

Harshen yana da wasula 5: a, e, i, o, u. Baƙi ɗaya tsakanin wasula biyu yakan bi wasalin da ke gabansa, kamar a co-mer (ci). Idan baƙaƙe biyu suka haɗu, akan raba su, misali can-tar (rera) da es-tar (kasance). Amma ba a raba jerin da ya ƙare da l ko r irin su bl, pr da tr: ha-blar (yi magana), a-pren-der (koya). A nan ne Bahaushe kan yi tuntuɓe, saboda gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙaƙe biyu. Sai ya cusa wasali, kamar yadda aka yi a kalmar burodi, gaɓa biyu su koma uku.

Wasulan a, e, o idan suka haɗu, kowanne gaɓarsa daban: le-er (karanta). Amma i ko u marar ƙarfi yakan haɗu da maƙwabcinsa su zama tagwai: pien-so (ina tunani).

3.0 Ƙarfin Furuci

Kalmar da ta ƙare da wasali, ko n, ko s, gaɓarta ta kusa da ƙarshe ake ƙarfafawa. Wadda ta ƙare da wani baƙin kuwa, gaɓar ƙarshe ce. Duk inda aka saɓa wa wannan, dole a ɗora alama bisa wasalin. Dubi waɗannan misalai:

(a) ha-blo: ina magana
(b) ha-bló: ya yi magana

Baƙaƙe da wasula iri ɗaya ne (ba a furta h), amma lokaci da mai aikatawa sun sauya. Haka nan ƙarfin furuci kan shafi saiwar wasu aikatau: pue-do (ina iyawa), amma po-de-mos (muna iyawa). Tagwan wasalin yana fitowa ne kawai in ƙarfin ya sauka kan saiwa.

4.0 Kammalawa

Masu nazarin Hausa za su tuna da aikatau tashi, wanda karin sautinsa ke juyewa daga sama-ƙasa zuwa ƙasa-sama a sigar umarni. Sai dai a yi hattara: kowace gaɓar Hausa tana da nata karin, alhali aikatau na Sifaniyanci gaɓa ɗaya tak ake ƙarfafawa a cikinsa. Saboda haka ya kamata mai koyar da Bahaushe ya fara da rarraba gaɓoɓi kafin jadawalin lokuta, don kuwa wanda ya ƙara gaɓa ko ya gusar da ƙarfi, zai iya danganta wa wani aikin da shi kansa yake yi.