Gini mai wayo: yadda gida ke rage shan wutar lantarki

Duk shekara a watannin Afrilu da Mayu, buƙatar wuta na ƙaruwa a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, domin kowa na kunna fanka da na'urar sanyaya ɗaki a lokaci guda. Nan ne ɗauke wuta ke yawaita. Matsalar ta ƙara fitowa fili a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take sayar wa Nijar, kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi.

Ƙara samar da wuta hanya ɗaya ce, kamar tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30 a kusa da Yamai. Ɗaya hanyar ita ce gini ya rage abin da yake sha, kuma shi ake kira gini mai wayo.

A irin wannan gini ana liƙa ƙananan na'urori masu auna zafi, haske da motsin mutane. Idan ofis ya zama ba kowa, fitila da na'urar sanyi su mutu da kansu. Idan rana ta take, a ɗauki wuta daga faranti mai aiki da hasken rana, a adana saura cikin batir. A faɗin gari kuwa, fitilun titi kan rage haske idan dare ya tsala, kamfanin wuta kuma ya san unguwar da layinta ya lalace tun kafin a kai ƙara.

Sai dai wayon gini daga bango yake farawa. A Harare, babban birnin Zimbabuwe, ginin Eastgate da aka buɗe a 1996 ya kwaikwayi surin gara: da dare ana jawo iska mai sanyi cikin bangonsa, da rana bangon ya riƙa sakin sanyin. A nan gida, mai zanen gine-gine Mariam Kamara da abokan aikinta sun gina gidajen Niamey 2000 da masallacin Dandaji a jahar Tawa da tubalin ƙasa da aka matse, wanda ba ya saurin ɗaukar zafi kamar siminti da rufin kwano.

Ga mai shirin gini, abin lura shi ne kaurin bango, inda taga ke fuskanta, silin a ƙarƙashin kwano da itacen inuwa ta yamma. Na'ura na iya zuwa daga baya, amma bango sau ɗaya ake gina shi.