A rufe gawa, a faɗi suna

Tun watan Disamban 2024, da hukumomin Yamai suka dakatar da BBC na wata uku saboda adadin sojojin da ta ce an kashe a wani hari a yankin Tera, adadin da gwamnati ta ƙaryata, gardamar nan ba ta kwanta ba. A Difa duk fadar shan shayin da ka zauna za ka ji ta. Wasu na cewa faɗin yawan sojojin da suka kwanta dama karya gwiwar na raye ne, kuma ƙarfafa abokin gaba ne, don haka mai kishin ƙasa ya ja bakinsa ya yi shiru. Wannan magana tana damuna, domin mutanen kirki ne ke yin ta, kuma kuskure ce.

Wa ake ɓoye wa? Maharan suna wurin da abin ya faru. Sojojin da suka tsira su ne suka ɗauko ƴan uwansu. Manoman tattasai na bakin Komadugu sun kwana suna jin ƙarar bindiga, da safe sun ga motocin da suka wuce. Wadda ba ta sani ba ita ce tsohuwar da ke Tasawa ko Doso, wadda ta yi kwana uku tana kiran lambar ɗanta ba ta shiga. Ɓoye mutuwa a irin wannan hali kamar rufe ƙofar gidan makoki ne alhali kuka ya riga ya tsallake katanga. Kamar danne murfin tukunyar da ke tafasa ne, abin da ke ciki ta gefe zai zubo, ya ƙone mai dannewar.

Jihar Difa ta daɗe da sanin wannan. Ranar 6 ga Fabrairun 2015 Boko Haram ta fara kai hari Boso da Difa. Ranar 25 ga Afrilu na shekarar aka afka wa tsibirin Karamga a tafkin Cadi, gwamnati kuma ta fito ta faɗa da bakinta: sojoji 46 sun rasu, 32 ba a san inda suke ba, an kashe farar hula 28. Aka yi zaman makoki na kwana uku. Rundunar ba ta watse ba don an faɗi gaskiya. Mutane sun yi kuka, sun yi addu'a, sun ga girman abin da ake yi dominsu.

Akwai abin da mai karatu ya kamata ya gane game da waɗannan alƙaluma, don ba kowane sauyin adadi ne ƙarya ba. Idan aka afka wa sansani cikin dare, abin da maharan kan fara lalatawa shi ne hanyar sadarwa. Sojoji su bazu cikin daji, wani ya fito bayan kwana biyu da ƙafarsa, wani ya cika a asibiti, wani sai an koma an yi bincike a gano gawarsa. Bayan harin Boso na 3 ga Yunin 2016 an fara cewa sojoji 32 ne suka rasu, daga baya aka gyara zuwa 26. A Cinagodar, cikin Janairun 2020, an fara da 25, aka ƙare a 89. Mai ƙirga tumaki da magariba bayan kura ta ratsa garke ba zai ba ka adadin da zai ba ka da hantsi ba. Abin da ake nema daga hukuma shi ne ta faɗi abin da ta tabbatar, ta faɗi waɗanda ake nema, ta dawo ta gyara. Ɗan jarida ma nauyin da ke kansa ke nan. Wanda ya ji adadi daga bakin mutum ɗaya ya watsa wa duniya, ya zalunci iyalai kamar yadda mai ɓoyewa ya zalunce su.

In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Mu talakawa muna da namu laifin, kuma a ganina ya fi muni. A watan Mayun 2020, bayan harin gadar Dutsi da ke bakin garin Difa, maharan da kansu suka fitar da bidiyo. Sun ɗauke shi ne don a kalla a tsorata, mu kuwa muka zama masu yi musu dako kyauta daga waya zuwa waya. Haka hotunan gawarwakin sojoji ke yawo a WhatsApp da Facebook, fuska a buɗe, wani ya rubuta addu'a a ƙasa yana ganin ya yi aikin lada. Yaya matar soja za ta ji idan a haka labarin takabarta ya iske ta?

Al'adarmu ta riga ta warware wannan tuntuni. Idan mutum ya rasu, mukan suturta gawarsa, sa'an nan mu bayyana sunansa: a aika wa dangi, a faɗa a masallaci, a sanar a rediyo, wane ɗan wane, ga lokacin jana'iza. Yau mun juya abin baibai, gawa a fili, suna a ɓoye.

A Tongo Tongo, cikin Oktoban 2017, sojojin Amurka huɗu suka mutu tare da na Nijar. Duniya ta ji sunayen Amurkawan, ta ga hotunansu da na iyalansu. Namu kuwa a adadi suka tsaya. Amurkar ma ta hana ɗaukar hoton akwatunan gawar sojojinta daga 1991, sai a 2009 ta ɗage, bisa sharaɗin yardar iyali. Nan ma mun nuna za mu iya: sojoji 71 da suka rasu a Inates cikin Disamban 2019 an yi musu jana'izar ƙasa a sansanin sojan sama na Yamai, shugabannin ƙasashen Sahel suka zo suka tsaya a kan kaburburansu. Sai dai Yamai na da nisan fiye da kilomita 1,300 daga Difa, kuma sojojin da suka faɗi a Shetima Wangu, Bilabirin da Baruwa na jihar Difa ba su fi waɗancan arhar jini ba.

Abin da nake roƙo ba mai tsada ba ne. A fara sanar da iyali, ta bakin mutum, kafin kowace sanarwa. Bayan haka a karanta sunayen a gidan rediyo da Hausa da Barbarci da Fulatanci, a rubuta su a wani bango cikin garin Difa inda ɗan makaranta zai tsaya ya karanta, a bibiyi haƙƙin marayu har ya isa hannunsu. Kai kuma da hoton gawa ya shigo wayarka, ka yi wa mamacin addu'a, ka goge. Wannan suturar ce kake da ikon yi masa.