Ƙaramar kwamfutar allo ta ƙwararru: A tambayi malamin gona tukuna

Masu iya magana sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan karin magana ne ya faɗo mini a rai kwanakin baya, lokacin da hira ta kai mu, ni da wasu abokai a Kano, ga musun da masu sha'awar na'urorin zamani suka daɗe suna tafkawa: shin ya kamata kamfanonin da ke ƙera kwamfutar hannu mai siffar allo, wadda 'yan kasuwar waya ke kira tabilet, su fito da samfurin ƙwararru na ƙaramarta, kamar yadda suka yi wa babbarta? Wani likita a cikinmu ya ce ƙwarai kuwa, domin ita ce ke shiga aljihun farar rigarsa. Wani injiniya ya ce ɓarnar kuɗi ce, duk mai aikin gaske babba zai saya. Ni kuwa na yi shiru, domin hankalina ya riga ya bar birni ya koma wata gona a ƙasar Makoɗa, inda irin wannan na'ura ta taɓa kunyata mu a gaban jama'a.

Kafin in kai mai karatu gonar, bari in ɗan waiwayi asalin musun. Kamfanin Apple na Amurka ya fito da iPad a 2010. A watan Oktoba na shekarar, shugabansa Steve Jobs ya yi wa ƙananan alluna masu inci 7 ba'a, yana mai cewa sai dai a haɗa wa mai saye da samfefa ya kankare yatsunsa kafin ya iya latsa su. Shekara guda bayan rasuwarsa, wato a 2012, kamfanin ya lashe amansa ya fito da iPad mini mai inci 7.9. A 2015 kuma aka fito da iPad Pro mai inci 12.9, aka ce ta ƙwararru ce. Tun daga nan masu son ƙaramar suke ƙorafin an mai da su 'yan bora. Ko a Oktoban 2024, da aka sabunta ta aka ƙara mata ƙarfin ƙwaƙwalwa, ba a ɗaga ta zuwa ajin Pro ba. Sai dai abin lura shi ne, ƙwararren da ake nufi a can shi ne mai zane ko mai haɗa fim, wanda ke zaune cikin sanyin na'ura, wutar lantarki ba ta ɗauke masa. Shi ya sa abin da ake ƙara wa samfurinsa shi ne sauri da kyan launi.

To mu nan fa, wane ne ƙwararrenmu? Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Dambatta, ko ya ratsa Dawakin Tofa ya nufi Bichi, ya san yadda ƙasar take. Gona na manne da gona, babu daji, babu saura. Gamba da lalle da aguwa su ne iyaka, gawo da ɗorawa da kuka suna tsaye a tsakiyar shuka, gero da dawa da wake da gyaɗa suna zaune a kunya ɗaya. Tun 1965 masanin ƙasa Michael Mortimore da abokin aikinsa suka wallafa nazari kan wannan yanki da ke kewaye da Kano, wanda ya yi suna a duniyar masana saboda cunkoson jama'arsa da yadda ake noma kowace gona duk shekara, ana raya ta da takin da jakuna ke ɗaukowa a mangala. Daga lokacin zuwa yau, rabon gado ya yanka gonakin sau biyu ko uku. Abin da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki goma ne a kansa. A irin wannan ƙasa, taku biyar ba abin wasa ba ne. Mutumin da ke auna waɗannan gonaki, yana rubuta abin da aka shuka, yana ba da shawarar yawan taki, shi ne malamin gona, kuma a 'yan shekarun nan littafinsa da bironsa sun koma cikin kwamfutar allo.

A ƙarshen Afrilun 2024 na raka wani matashin malamin gona aikin rajistar manoma, na wani shirin ba da rancen taki da iri wanda ba sai na ambaci sunansa ba. Ƙa'idar aikin ita ce ya zagaya iyakar kowace gona da ƙafa, na'urar na riƙe a hannunsa, ita kuma ta lissafa faɗinta ta hanyar tauraron ɗan'adam. Da wannan faɗi za a yanke yawan buhun da za a ba mutum, da shi kuma za a yanke abin da zai biya bayan kaka. Da safe aiki ya tafi daidai. Hantsi na dubawa, fuskar na'urar ta dushe saboda hasken rana, sai ya cire hularsa ya yi mata rumfa kafin ya ga rubutu. Kafin azahar ta yi zafi kamar tanda, ta rubuto gargaɗi, ta ɗauke. Muka koma inuwar gawo, wanda Allah Ya yi shi da ganye a lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe, yaron yana yi mata fifita da kwali. Wani dattijo da ke jiran a zo kan gonarsa ya dube shi ya ce, “Malam, allon naku suma ya yi? Namu na tsangaya shekara hamsin yana shan rana bai taɓa suma ba.” Aka yi dariya, yaron ya ce, “Baba, a yi haƙuri, yanzu zai farfaɗo.” Ya farfaɗo, amma batir ya kusa ƙarewa, kuma mai cajin waya mafi kusa yana bakin kasuwa.

Gona goma sha biyu aka tsara a ranar, biyar aka auna. Sauran bakwai da baki aka cike su. Manominmu kuwa ba da hekta yake sanin gonarsa ba, zai ce maka tana cin tiya kaza ta iri, ko tana ba da dami kaza. Binciken da masana na Bankin Duniya suka yi a ƙasashen Afirka ya nuna cewa masu ƙananan gonaki sukan kimanta su fiye da yadda suke. Cikin bakwai ɗin nan akwai gonar wata baiwar Allah da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu. Har yau ina tunanin lambar da aka rubuta mata. In an ƙara, an ɗora mata bashin da gonar ba za ta iya biya ba. In an rage, an tauye mata takin da take da haƙƙi a kai. Laifin ba na yaron ba ne, an tura shi farauta ne da karen da ba ya jure rana.

Ba kuma ƙaddara ba ce ta faɗa wa na'urarmu ita kaɗai. Kamfanin Apple da kansa ya rubuta cewa an yi iPad ne don aiki a yanayin da bai wuce digiri 35 a ma'aunin Salshiyos ba, kuma akasarin allunan kasuwa haka suke. Zafin Kano a watan Afrilu kan kai digiri 40 a inuwa. Ashe tun daga masana'anta ba a sa bazararmu a lissafi ba.

Wani zai ce, me ya kai ku allo, ga wayoyin Tecno da Infinix a aljihun kowa? Wani kuma ya ce, in aikin ƙwararru ne a sayi babba mana. Duka biyun na gwada a fili. Fuskar allo mai inci 8 ta kusa ninka ta babbar waya a faɗi, kuma wannan bambanci shi ne ke ba dattijo mai raunin ido damar ganin taswirar gonarsa ya sa yatsa ya ce, “A'a, tsamiyar nan ba tawa ba ce, ta ƙanena ce.” Babban allo kuma mai inci 13 ya ninka ƙaramin nauyi, ba ya riƙuwa da hannu ɗaya, ba ya shiga aljihun kaftani, kuma mai tafiya a kan babur cikin yashi ya san abin da hakan ke nufi. Ƙaramin bai kai giram 300 ba. Saboda haka ƙanƙantarsa ba nakasa ba ce, ita ce amfaninsa. Askar wanzami ba ta kai adda girma ba, amma ita maƙeri ya fi kashe wa lokaci. Ƙaramin goro, in ji Hausawa, ya fi babban dutse.

Amsata ga tambayar abokaina ke nan: na'am, ƙaramar kwamfutar allo ta cancanci samfurin ƙwararru, amma da sharaɗin a bar mai aikin fili ya fassara ƙwarewar. Na farko, fuskar da ake iya karantawa da tsakar rana. Na biyu, jikin da ke jure zafin bazara da ƙurar hunturu da yayyafin damina da faɗowa daga babur. Na uku, batirin da ake cirewa a sa wani a tsaye a gona. Na huɗu, ma'aunin wuri mai inganci. Wannan na huɗun yana buƙatar bayani. GPS na na'urorin kasuwa kan yi kuskuren 'yan mitoci. Ɗauki gona mai mita 50 tsawo da 50 faɗi, wato rubu'in hekta. In aka ƙara mita 5 a tsawo da faɗi, lissafi ya tashi daga murabba'in mita 2,500 zuwa 3,025, ƙarin kashi 21 cikin ɗari. A babbar gona wannan kuskure ba ya ciwo, a tamu kuwa bashi ne. Tun 2018 aka fara sa wa wasu wayoyi GPS mai karɓar saƙo ta zango biyu, wanda ke rage kuskuren, don haka fasahar tana nan. Ya kamata masu sayo wa hukumomi kaya su kuma sani cewa iPad ɗin da ba ya ɗaukar layin waya ba shi da GPS a jikinsa sam. Na biyar, ta zama abar gyaruwa a kasuwar waya ta Farm Centre ko ta Beirut, ba sai an aika Legas ko Dubai ba.

Irin wannan na'ura ba mafarki ba ce. Tun 2014 kamfanin Samsung na Koriya ta Kudu ya fito da Galaxy Tab Active mai inci 8, mai sulke, mai batirin cirewa, don ma'aikatan fili, kuma ya fito da na biyar a jerin a 2024. Tarayyar Turai ma, daga Yunin 2025, ta wajabta wa masu sayar da waya da allo a kasuwarta su tanadi kayan gyara na shekara bakwai bayan an daina sayar da samfuri. Su da suka san abin da suke so sun faɗa, an kuma yi musu.

Mu ma ba ƙananan masu saye ba ne. Hukumar zaɓe ta INEC ta kai na'urar BVAS rumfunan zaɓe sama da 176,000 a 2023. Hukumar ƙidaya ta tanadi dubban ɗaruruwan alluna don ƙidayar 2023 da aka ɗage. A yaƙi da shan-inna, wayoyi masu GPS ne suka riƙa nuna unguwannin da masu riga-kafi suka taka da waɗanda suka tsallake a Kano da maƙwabtanta, kafin a tabbatar da kawar da asalin ƙwayar cutar daga Afirka a Agustan 2020. A fannin noma kuma, wani bincike da aka wallafa a 2021 kan manhajar RiceAdvice ta cibiyar AfricaRice, wanda aka gudanar tsakanin manoman shinkafa a Jihar Kano, ya gano cewa waɗanda aka ba shawarar taki daidai da gonarsu sun samu ƙarin amfani da kashi 7 cikin ɗari, riba kuma da kashi 10. Masu noman rani a madatsun Watari da Thomas za su so irin wannan. Amma shawarar da aka gina kan awon ƙarya, ita ma ƙarya ce.

Ban manta da maganar tsada ba. Farashin iPad mini na 2024 ya fara ne daga Dala 499, wanda a canjin lokacin ya kusa Naira 800,000, wato kusan albashin shekara guda na mai karɓar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000. Babu mai hankalin da zai ce malamin gona ya saya daga aljihunsa, balle a ƙara mata kuɗi don kyan launi. Na kuma yarda cewa na'ura ba ta maye gurbin man babur da alawus da yawan ma'aikata. Amma kayan aiki na ma'aikata ne, kamar yadda motar asibiti ba ta direba ba ce, kuma araha ba ta ado. Allo mai rahusa da zai mutu a damina ɗaya, a sake sayen wani, ga bayanan ƙiyasi da ya bari a baya, ya fi mai sulken da zai shekara biyar tsada.

Saboda haka kirana ga hukumar KNARDA da ma'aikatun gona da lafiya da ƙungiyoyin da ke aiki a karkararmu shi ne, kafin a sa hannu kan kwangilar sayen alluna, a rubuta waɗannan sharuɗɗa a takarda, a kuma karɓi samfuri a ba ma'aikatan fili su gwada. Ga Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Dambatta, ga Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero, ga gonar gwaji ta IITA a Minjibir. Kamar yadda ake gwada sabon irin wake a ƙasarmu kafin a raba wa manoma, haka ya kamata a gwada na'ura a ranar Afrilu kafin a raba wa malamansu. Wadda ta kai la'asar a gona ba ta suma ba, ita ce ta ƙwararru, ko an rubuta mata Pro a baya ko ba a rubuta ba. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kuma sa masu riƙe da amanar jama'a su riƙa tambayar mai ɗaki kafin su sayo masa rufi.