Hutu a jirgin ruwa: Annoba da caca na iya lashe guzurin 'yan ci-rani

A Kore Mairuwa da ƙauyukan Dogon Dutsi, gidaje da dama na jiran aiken kuɗi daga 'ya'yansu mazauna ƙetare. Su kuma kamfanonin manyan jiragen ruwa na shaƙatawa kullum suna tallata hutu mai rahusa a intanet. Sai dai kuɗin tikiti somin-taɓi ne.

A watan Fabrairun 2020, an killace jirgin Diamond Princess a tashar Yokohama ta Japan da mutum 3,711 a ciki, kuma fiye da 700 suka kamu da korona. Wata guda bayan haka Amurka ta dakatar da tashin irin waɗannan jirage. Saboda haka kafin ka biya, duba sharaɗin mayar da kuɗi da inshorar lafiya, domin jinya a cikin jirgi da tsada take.

Ɗaya tarkon shi ne gidan caca. Yawanci yana rufe idan jirgi na tasha, ya buɗe an shiga tsakiyar teku. Da katin ɗaki ake iya cirar kuɗin wasa, mutum bai ga tsabar na fita ba sai ranar sauka. A wasan rulet mai sifili biyu, gidan na cin kusan kashi 5 cikin 100 na duk abin da aka zuba.

Musulunci ya haramta caca, lissafi ma bai goyi bayanta ba. Tura kuɗin gida tukuna, ka ƙayyade abin da katin zai iya cira.