Yadda tsohon asusun da aka manta da shi ya jawo layin mai a Amurka

A ranar 7 ga Mayun 2021 kamfanin Colonial Pipeline ya rufe bututunsa mai tsawon mil 5,500, wanda ke ɗaukar mai daga jihar Texas zuwa New Jersey. Kusan kashi 45 cikin 100 na man da ake sha a gabashin Amurka ta nan yake bi. Cikin 'yan kwanaki layukan motoci suka cika gidajen mai, wasu ma mai ya ƙare musu ƙaƙaf.

Masu kutse na gungun DarkSide ne suka shiga kwamfutocin kamfanin suka kulle bayanai, sai da aka biya su fansar dala miliyan 4.4.

Bincike ya gano cewa ta wani tsohon asusu suka shiga, irin wanda ma'aikata ke amfani da shi daga nesa. An daina aiki da asusun, amma ba a rufe shi ba, kalmar sirrinsa kuma ta riga ta fallasa. Shugaban kamfanin na lokacin, Joseph Blount, ya shaida wa kwamitin majalisar dattawan ƙasar cewa tsarin ba shi da mataki na biyu na tantancewa.

Suna ne, amma lamba ake bi

A banki ko jami'a ko asibiti, akwai babbar kwamfuta da ake kira saba, wadda ke riƙe da sunayen duk masu izinin shiga. Ita ke yanke hukuncin wa zai buɗe wane fayil. Wurare da dama na amfani da manhajar Active Directory ta Microsoft, wasu kuma da Linux.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, sunan don ɗan'adam aka yi shi. Na'urar lamba take bi. A Linux kowane asusu na da lambarsa, kuma lamba 0 ta babban mai iko ce, wanda komai ke hannunsa. Idan aka goge asusun wanda ya bar aiki, aka ba sabon ma'aikaci lambarsa, to ya gaji fayilolin da wancan ya bari ke nan.

A Active Directory kuwa, ko an sauya wa ma'aikaci suna, lambarsa da izininsa na nan. Amma in aka goge asusun aka sake buɗe wani da suna iri ɗaya, na'urar na ɗaukar sa baƙo.

Wata matsalar ita ce takwarorin juna. Ma'aikatar da ke da Muhammad Sani uku dole ta sami ƙa'idar bambance su, in ba haka ba takardar albashin wani za ta faɗa akwatin wani.

Daga ranar shiga zuwa ranar fita

Masu kula da saba na bin wasu ƙa'idoji sanannu. Kowa da asusunsa, ba a tarayya a kan suna ɗaya, domin in ɓarna ta auku a san wanda ya yi ta. Ana ba mutum izini daidai aikinsa, in an sauya masa sashe a janye na baya.

Ranar da ya ajiye aiki kuma a dakatar da asusun nan take, a jinkirta gogewa har a kwashe bayanansa. Ba a sake ba wani sunan, don kada saƙonnin tsohon mai shi su riƙa zuwa wa sabo. Lokaci zuwa lokaci kuma a bi jerin sunayen, a zaƙulo waɗanda suka daɗe ba a taɓa su ba.

Inda aka fi yin sake shi ne tsakanin ofishin kula da ma'aikata da sashen kwamfuta: wancan ya sallami mutum, wannan bai samu labari ba.

Hukumomin Amurka sun ƙwato kimanin dala miliyan 2.3 daga kuɗin fansar, bututun kuma ya koma aiki ranar 12 ga Mayu. Rufe wancan asusu kuwa aikin 'yan mintuna ne, da an tuna da shi.